Dafaffe ko ɗanye: me ya sa wani shafin intanet ke buɗewa a Poli, wani kuma ya tsaya fari fat?

Duk mai babbar waya a Poli ya san wannan abu. Mutum ya sayi forfe, ya latsa mahaɗin da aka turo masa ta WhatsApp, sai fuskar wayar ta yi fari fat, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya. Ya jira, ya ɗaga wayar sama, ya fita ƙofar gida ya sake latsawa. Can ya haƙura, ya ce yau babu rezo. Amma a kan wayar nan, a wurin nan, idan ya buɗe Wikipedia sai rubutu ya fito. Rezon bai canza ba. Abin da ya bambanta shi ne yadda aka gina shafukan biyu.

A da, wannan magana ce ta injiniyoyi su kaɗai. Yanzu ta shiga aljihun kowa. Tun daga Yulin 2021, neman fasfo a Kamaru yana farawa ne da cike takarda a intanet, kuma daga farkon 2025 katin ɗan ƙasa ma ya bi sahu. Rajistar jarrabawar konkur, neman gurbi a jami'a da duba sakamako duk suna komawa waya sannu a hankali. Poli, babban garin gundumar Faro, yana da nisan fiye da kilomita 100 daga Garwa, kuma duwatsu ne suka kewaye shi. Idan aka bar cikin gari zuwa ƙauyuka, rezo yakan yi rauni ko ya ɓace gaba ɗaya. Wanda shafi ya ƙi buɗe masa a nan, abin da ya rage masa shi ne ya biya wani ya cike masa, ko ya kama hanya zuwa Carrefour Poli ya nemi motar Garwa. Kuɗin mota ke nan da yini guda, wani lokaci ma wa'adin ya wuce kafin ya isa.

Hanyoyi biyu na kai shafi

Kowane shafin intanet yana ajiye ne a wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Manhajar da ke buɗe shafuka a waya, irin su Chrome da Opera, ita ce burauza. Idan aka latsa mahaɗi, burauza ke aika wa saba saƙo cewa ga abin da ake nema. Daga nan ne hanya ta rabu biyu.

A hanya ta farko, saba ce ke yin aikin. Ta ɗauko labarin daga rumbunta, ta jera kanu da sakin layi da wurin hoto, ta rubuta duka da harshen da ake kira HTML, sannan ta aiko. Aikin waya kawai ta nuna. Wannan shi ne shafi dafaffe.

A hanya ta biyu, saba takan aiko da HTML wanda kusan babu komai a cikinsa, sai umarni cewa a je a sauke wani tarin shiri da aka rubuta da harshen JavaScript. Waya ta sauke shirin, ta karanta shi, ta kunna shi. Shirin kuma ya sake komawa wurin saba ya roƙo ainihin labarin, sannan ya gina shafin a cikin wayar. Kamar mutum ya je sayen tuwo ne a miƙo masa tsabar masara da turmi da itace. Tuwon zai samu, amma da ƙarfinsa da lokacinsa. Wannan shi ne shafi ɗanye, kuma farin allon nan da zoben da ke juyawa alama ce ta cewa waya tana can tana daka.

Hanya ta farko ita ce ta asali. Tim Berners-Lee ya buɗe shafin farko ga jama'a a 1991 daga cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Switzerland da Faransa, kuma HTML ne zalla. Brendan Eich ya ƙirƙiri JavaScript a 1995 a kamfanin Netscape, da nufin ƙananan ayyuka kamar duba ko an cike gurbi daidai. Sai Gmail ya fito a 2004, Google Maps a 2005, suka nuna cewa burauza na iya aiki kamar cikakkiyar manhaja ba tare da sake loda shafi ba. Bayan Facebook ya saki kayan aikinsa mai suna React a 2013, gina komai a cikin waya ya zama yayi. Har shafukan da ba su da abin nunawa sai rubutu da hoto suka bi.

Inda lokaci da mega ke tafiya

Abu na farko shi ne nauyi. Rahoton Web Almanac na 2024, wanda ke auna miliyoyin shafuka, ya nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya haura megabait 2, kuma JavaScript kaɗai ya wuce kilobait 500. Lissafin ba shi da wuya. A ce rezo ya faɗo zuwa 2G, yana ba da kilobit 200 a daƙiƙa. Sauke kilobait 500 zai ci daƙiƙa 20. Labari irin wannan da ake karantawa, idan aka aiko shi a HTML aka matse, bai fi kilobait 30 ba, wato daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. A shafi ɗanye kuwa, bayan daƙiƙa 20 ɗin nan ma ba a ga kalma ko ɗaya ba tukuna, domin shirin ne kawai ya iso.

Abu na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne yawan kai da komowa. Shafuka da yawa na ƙasashe masu amfani da Faransanci suna ajiye ne a sabobin Turai. Saƙon da ya tashi daga Poli sai ya bi eriya, ya gangara kudu ta wayar gilashi har bakin teku, inda manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa suka sauka a Duwala da Limbe da Kiribi, sannan ya haye zuwa Turai ya dawo. Kowace tafiya tana cin lokaci ko da abin da aka ɗauko ƙanƙane ne. Shafi dafaffe yana iya nuna rubutu tun a tafiyar farko. Ƙa'idar sadarwar intanet ta ba saba damar turo kusan kilobait 14 a tashin farko kafin ta jira amsa, kuma wannan ya isa kanun labari da sakin layi masu yawa. Shafi ɗanye yana buƙatar aƙalla tafiya uku a jere: ƙwarangwal, sai shiri, sai bayanai. Ba a fara ta biyu sai ta farko ta ƙare. Idan rezo ya katse a ko wacce daga ciki, an koma farko. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku da dama suka lalace a gaɓar Yammacin Afirka, intanet ya yi rauni daga Kodebuwa har Kamaru, mutanen manyan birane ma sun ɗanɗana abin da na ƙauye ke gani kullum.

Abu na uku ita ce wayar kanta. Kilobait 500 na hoto da kilobait 500 na JavaScript ba ɗaya ba ne. Hoto ana buɗe shi a nuna, shi ke nan. JavaScript kuwa a matse yake zuwa. Idan aka warware shi yakan ninka sau biyu ko uku ko fiye, sannan dole ƙwaƙwalwar waya ta karanta shi layi-layi, ta fassara, ta aiwatar. Yayin da take wannan aiki, allo ba ya amsa taɓawa. Ƙananan wayoyin Itel da Tecno da suka cika kasuwannin Garwa da Marwa da Ngaundere an yi su ne don su yi araha, kuma sun yi, amma aikin da babbar waya mai tsada ke gamawa cikin daƙiƙa ɗaya yakan ɗauke su ninkin haka sau da yawa. Wayar ta yi zafi, batir ya sauka. A wurin da wuta ke zuwa ta tafi, wasu ma sai sun biya ake yi musu caji, wannan ma kuɗi ne.

Wanda ke lanƙwasa da wanda ke karyewa

Akwai wani bambanci da ya fi nauyi da gudu muhimmanci, shi ne abin da ke faruwa idan an samu matsala. An tsara HTML da haƙuri. Idan rabin shafi ya iso rezo ya yanke, burauza za ta nuna rabin. Idan ta gamu da alamar da ba ta sani ba, sai ta tsallake ta ci gaba. JavaScript ba haka yake ba. Fayil ɗaya ya kasa isowa, ko tsohuwar burauza ta gamu da sabon salon rubutu da ba ta gane ba, sai shirin ya tsaya cak. Idan shi ne zai gina shafin, ba abin da zai fito.

Masu kula da shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, sun auna wannan a 2013. Sun gano cewa mutum ɗaya cikin kowane 93 da ke shiga shafin ba ya samun JavaScript. Abin lura shi ne, 'yan kaɗan ne daga cikinsu suka kashe shi da gangan. Mafi yawa yana kunne a na'urarsu, isowa ne bai yi ba ko ya kasa aiki. Wannan a Birtaniya ke nan, ƙasar da intanet ya wadata. Shi ya sa ƙa'idarsu ta ce duk wani aikin gwamnati a intanet dole ya fara yin aiki da HTML zalla, sannan a ɗora sauran a kai a matsayin ƙari.

Manyan kamfanoni ma sun taɓa komawa baya. A 2010 Twitter ya mayar da gina shafinsa cikin burauza, amma a 2012 ya dawo da aikin kan saba, ya kuma bayyana cewa lokacin buɗe shafi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar na yadda yake a da. A 2017 injiniyoyin Netflix sun cire React daga ɓangaren burauza a shafinsu na farko, suka ce lokacin da mutum ke jira kafin shafin ya fara amsa masa ya ragu da rabi.

Ga masu amfani da Opera Mini, wadda ta daɗe tana da farin jini a Afirka saboda tsimin mega, lamarin ya fi tsanani. A yanayinta na matsewa sosai, sabobin kamfanin ne ke buɗe shafin su matse shi su turo wa waya, kuma ɗan lokaci kaɗan suke ba JavaScript. Shafi dafaffe yana wucewa lafiya. Ɗanye sau da yawa yakan iso a gurguje ko fanko.

Ga gidajen labarai akwai ƙarin dalili. A wannan yanki labari yana yawo ne ta WhatsApp, daga zauren 'yan uwa na Garwa zuwa na Yola, zuwa Njamena da Bangi da Libarbil. Ɗan akwatin nan da ke fitowa da kanu da hoto idan an liƙa mahaɗi, daga HTML na farko ake ɗauko shi, ba a kunna JavaScript. Idan HTML ɗin fanko ne, mahaɗin zai tafi tsirara, ko kuma kowane labari ya fito da kanu iri ɗaya. Mutane kuwa sun koyi tsoron latsa mahaɗin da ba su san abin da ke bayansa ba, kuma suna da gaskiya. Haka nan shafi mai harshe biyu: idan Hausa da Faransanci kowanne yana da nasa adireshin da saba ke bayarwa kai tsaye, wanda aka tura wa na Hausa zai buɗe na Hausa. Idan kuwa wani shiri ne a cikin waya ke sauya harshen, sau da yawa dattijon da aka tura wa labarin zai tarar da Faransanci, ya shiga neman maɓallin da bai san inda yake ba.

Inda JavaScript ya fi

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka JavaScript abokin gaba ne. Akwai aikin da shafi dafaffe ba zai iya ba, kuma abin mamaki, wurare irin su Faro ne suka fi buƙatarsa.

Rauninsa a fili yake: duk latsawa sai an koma wurin saba. Babu rezo, babu shafi. A ɗauki ma'aikacin lafiya da ya shiga ƙauyukan da ke gindin duwatsun Alantika, ta wajen Beka kusa da iyakar Najeriya, yana rubuta yaran da aka yi wa rigakafi. Ko malamin gona da ke ƙidayar gonakin auduga. Waɗannan suna buƙatar abin da zai zauna a cikin waya, ya karɓi bayanai ba tare da rezo ba, ya ajiye, ya tura idan an dawo gari. Haka takardun KoboToolbox, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke amfani da su sosai, suke aiki a cikin burauza, kuma JavaScript ne ke riƙe da su. Tsarin DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira, wanda ma'aikatun lafiya na Kamaru da Najeriya da Nijar ke tattara alƙaluma da shi, shi ma yana da manhajar waya mai aiki ba rezo saboda wannan dalili. Taswira da ake ja da yatsa, hira ta kai tsaye, gyaran hoto, duk aikin cikin waya ne.

Akwai kuma hujjar da masu goyon bayan shafi ɗanye ke kawowa: nauyin sau ɗaya ne, da zarar shirin ya sauka waya za ta ajiye shi, daga nan bayanai kaɗan kawai za a riƙa ɗaukowa. Gaskiya ne ga abin da mutum ke buɗewa kullum, kamar akwatin saƙonni. Amma uban da zai duba sakamakon BEPC na 'yarsa sau ɗaya yake shiga a shekara. Shi ziyarar farko ita ce ziyarar ƙarshe, ya biya kuɗin kaya bai ci ribar ajiya ba. Ko mai shiga kullum ma, duk lokacin da aka sabunta shirin sai ya sake saukewa, kuma waya mai ƙaramar ma'ajiya tana yawan share abin da ta ajiye.

Wata hujjar ita ce shafi dafaffe yana ɗora wa saba nauyi, ranar fitar sakamako tana iya durƙushewa. Wannan matsala ce ta gaske, amma maganinta tsoho ne: shafin da ba ya canzawa daga mutum zuwa mutum ana dafa shi sau ɗaya a ajiye, a riƙa rabawa. Da haka Wikipedia ke ɗaukar ɗimbin masu karatu.

Yau yawancin ƙwararru sun taru a tsakiya. Kayan aiki irin su Next.js, da ya fito a 2016, suna ba da damar a rubuta shafi da React amma a dafa shi a saba. Shafukan harsunan BBC, har da na Hausa, suna tafiya ne a kan wani tsari mai suna Simorgh da ke yin haka. WordPress, wanda fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke kansa, dama can a saba yake dafa shafi. Sai dai a nan ma akwai tarko. Wasu sukan aiko da rubutu dafaffe, sannan su biyo shi da tarin JavaScript ɗin nan dai, ta yadda shafin ya fito amma maɓalli ba ya amsawa sai shirin ya gama sauka. Mutum ya yi ta latsa "aika" ba abin da ya motsa. Shafin WordPress da aka cika wa kayan ƙawa da tallace-tallace da na'urorin bibiya shi ma yana iya fin ɗanye nauyi. Dafawa a saba sharaɗi ne na farko, ba shi ne duka ba.

Wa ke yanke shawara?

Me ya sa ake ci gaba da gina shafuka masu nauyi ga mutanen da ba za su iya ɗauka ba? Ba mugunta ba ce. Mai gina shafin yana zaune a Duwala ko Yawunde ko Paris, da kwamfuta mai ƙarfi da intanet na ofis, a wurinsa komai yana buɗewa nan take. Darussan da ya koya da su an yi su ne don kasuwar aiki ta Turai da Amurka, inda sanin React ke kawo albashi. Matashin da ya fito daga Jami'ar Ngaundere ko ta Marwa, ko sabuwar Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ba laifinsa ba ne idan ya koyi abin da ake nema. Wanda ya ba da kwangilar kuma, magajin gari ne ko shugaban makaranta ko na ƙungiyar manoma, ana nuna masa aikin a babban allo, ya ga abubuwa suna shawagi, ya sa hannu. Babu wanda ya tambayi mai ƙaramar Itel a Poli.

Amma mai ba da aiki ba ya buƙatar sanin HTML kafin ya kare mutanensa. Yana iya rubutawa a takardar kwangila cewa sanarwa, jerin sunaye, farashi da takardun cikewa dole su fito kuma su yi aiki ko da JavaScript bai iso ba. Yana iya sa iyakar nauyin shafin farko, ya ce a nuna masa adadin. Yana iya neman a raba doguwar takarda zuwa gajerun matakai da saba ke ajiye kowanne, don kada wanda rezo ya yanke masa a tambaya ta 18 ya koma ta ɗaya. Idan shafin na Hausa ne, ya duba ko ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa da haruffan da ke cikin wayar, ba sai an sauke wani babban fayil na ado ba.

Gwajin kansa ba ya cin minti goma. A cikin saitin Chrome na waya, a sashen saitin shafuka, akwai wurin kashe JavaScript. A kashe, a buɗe shafin, a ga abin da ya rage. Sannan a mayar da shi, a shiga saitin rezo a tilasta wa wayar zama kan 2G, a ɗauki mafi arhar waya da ke ofishin, ba ta shugaba ba, a cike takardar daga farko har ƙarshe ana duba agogo. Idan akwai wani ma'aikaci da zai je Poli ko Beka a makon, a ba shi mahaɗin ya gwada daga can, ya bugo waya ya faɗi abin da ya gani kafin a biya kason ƙarshe na kuɗin kwangila.